Tuban da Ya Ɗauki Shekara 40

A watan Maris na 1748, guguwa mai ƙarfi ta afka wa jirgin ruwan nan mai suna Greyhound a tekun Atlantika, yana kan hanyar komawa Ingila. Cikin waɗanda ke jirgin akwai John Newton, saurayi ɗan shekara 22 da ya yi ƙaurin suna wajen saɓo da ashar. Da ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, sai ya roƙi jinƙan Ubangiji. Jirgin ya kai gaɓa da ƙyar, shi kuwa Newton ya riƙa tunawa da wannan rana har ƙarshen rayuwarsa.

Masu ba da labarinsa sukan tsaya a nan, su tsallake zuwa waƙar Amazing Grace da ya rubuta, wadda aka buga a 1779. Abin da ke tsakani shi ne mai nauyi. Bayan guguwar, Newton ya koma fataucin bayi. Daga 1750 zuwa 1754 ya yi tafiya uku a matsayin kyaftin, yana ɗibar mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa tsibiran Karibiyan. Yana karanta Littafi Mai Tsarki a ɗakinsa, alhali a ƙasan jirgin mutane na ɗaure da sarƙoƙi. Da ya bar sana'ar ma, rashin lafiya ce ta raba shi da ita.

Wannan shi ne sakamakon zunubi na farko a koyarwar Kirista: yakan dushe idon zuciya. Newton ya ga laifin bakinsa, ya daina saɓo, amma bai ga laifin abin da yake ci da shi ba, domin doka ta halatta shi, manyan gari kuma suna da hannun jari a ciki. Zunubin da jama'a suka amince da shi ya fi kowanne wuyar ganewa. Daga baya shi da kansa ya yarda cewa bangaskiyarsa ba ta cika ba sai da lokaci mai tsawo ya wuce.

Sakamako na biyu shi ne ɓarnar da gafara ba ta gogewa. Littafin Sama'ila na Biyu ya nuna haka a labarin Sarki Dawuda, wanda ya ɗauki matar Uriya, ya kuma shirya yadda za a kashe mijin a fagen yaƙi. Da annabi Natan ya tsawata masa, ya amsa laifinsa, aka gafarta masa. Duk da haka Uriya bai dawo ba, jaririn ya mutu, fitina kuma ta shiga gidan sarki. Hausawa na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, amma sau da yawa yakan fara cizon waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba. Babu ko mutum ɗaya cikin waɗanda Newton ya sayar da tubansa ya mayar gida.

To, ina begen yake? Yana cikin cewa alherin Allah bai yi watsi da shi ba saboda jinkirinsa. Newton ya zama limamin coci a garin Olney a 1764. A 1785 ya shawarci William Wilberforce da ya ci gaba da zama a majalisa maimakon barin siyasa. A 1788, shekara 40 bayan guguwar, ya wallafa ɗan littafi inda ya tona asirin kansa, ya bayyana azabar da ake gana wa bayi, aka raba wa 'yan majalisa. Irin wannan tuba ne Linjila ke yabo a wurin Zakka mai karɓar haraji, wanda ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwata ninki huɗu: nadamar da ke biyan farashi.

Newton ba shi da hanyar mayar da komai, sai shaida. Ya ba da ita, ta kuma yi tasiri saboda daga bakin mai laifi ta fito. Majalisar Birtaniya ta haramta fataucin bayi a watan Maris na 1807. Ya rasu a Disambar wannan shekara, yana da shekara 82, idanunsa sun kusa makancewa.