Saƙon Gwaggo daga Riruwai zuwa Makka

A Riruwai ba a zuwa yi wa mai tafiya Makka sallama hannu rabbana. Tun da labari ya bazu cewa zan raka Inna Umara, ƙulle-ƙulle suka fara taruwa a ɗakinta: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunu, ƙuli-ƙuli, zuma da man shanu. Wasu guzurinmu ne, wasu kuma saƙo ne ga 'yan uwa mazauna can. Kowa ya ajiye nasa sai ya ce, "Ɗan abu ne, ba shi da nauyi."

Mun bar gida da sassafe, don direbobi sun fi son ratsa Dajin Falgore ido na ganin ido. Muka wuce Tudun Wada, muka hau titin Zariya a Kwanar Dangora, muka bi ta Kura. Duk shingen da aka tsayar da mu, ba wanda ya damu da buhunmu. A wannan hanya abinci abinci ne.

A Kano muka sauka gidan Kawu, ƙanen Inna, a Kurna. Bayan isha'i na shimfiɗa tabarma na ce sai an kwance kowane ƙulli. Ran Inna ya ɓaci.

"Kai yaro, amana ce fa. Yaushe aka fara buɗe saƙon mutane?"

Kawu ne ya tare mini. "Yaya, bar shi ya buɗe. Kin manta da Zainab Aliyu?"

Ba ta manta ba. Ɗalibar Jami'ar Maitama Sule ce da ta je Umara tare da mahaifiyarta, aka kama ta a Madina a Disambar 2018 saboda wata jaka mai ɗauke da Tramadol da aka liƙa wa sunanta tun daga Kano. Jakar ba tata ba ce, ba ta ma san da ita ba, amma sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya gano masu hannu a ciki kuma gwamnatin tarayya ta sa baki. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. Jami'in can ba ya tambayar wa ya ba ka. Sunan da ke jikin jaka shi ne mai amsa tambaya. In wadda ba ta karɓi komai ba ta sha wannan wuya, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa bai duba ba?

Ba mu sami ƙwaya ba, alhamdu lillahi. Goro muka samu, fari tas, an naɗe shi a leda an binne a tsakiyar garin kunun da Gwaggo ta aika wa 'yarta. Duk shekara hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, tana jan kunnen maniyyata kada su ɗauki goro, domin Saudiyya ta hana shiga da shi. Gwaggo ta san haka, shi ya sa ta ɓoye. Na kira ta a waya.

"Gwaggo, goron nan ba zai je ba."

"Goro ɗin? Abin da ake ɗaura aure da shi?"

Na rasa amsar da zan ba ta, don gaskiya ta faɗa. Sai dai ɓoyewar ta fi goron haɗari. Abin da ke fili, in an hana, a karɓe a jefa a kwandon shara. Abin da aka binne a cikin gari kuwa, na'ura za ta nuna dunƙule, daga nan kuma kowane ƙulli naka ya zama abin zargi. Maƙwabtan Kawu suka ci goro a daren.

Sauran kayan muka juye a fararen ledoji da ake ganin ciki, na rubuta sunan kowanne. Kanwa na cire gaba ɗaya; ban ga yadda zan yi wa Balarabe bayanin farin dutse mai gari-gari ba. Zuma ta shiga babbar jaka, tunda jakar hannu ba ta ɗaukar ruwa-ruwa fiye da mililita 100 a kwalba. Man shanu kuwa ma'auni ne ya kore shi, jakar ta haura kilo 23.

A filin jirgin Malam Aminu Kano aka buɗe jakunkunanmu a kan tebur. Ga kwastan, ga NDLEA masu farautar ƙwaya, ga jami'an NAQS masu duba tsirrai da kayan dabbobi. Wani ya ɗebi kuka ya murza, ya shinshina, ya dubi Inna.

"Hajiya, har da miya za a je?"

"Ɗan nan, cikina bai san shinkafar Larabawa ba."

Ya yi dariya ya zuge jakar. Ni dai ban bar wajen ba sai da na ga takardar da aka liƙa wa kowace jaka, na haɗa lambarta da wadda aka ba ni.

A jirgi na fito da kilishin da na ƙudurta cewa a sama zai ƙare. Wanda ke kusa da ni, ɗan kasuwa mai zuwa Ingila, ya ce na yi dabara. Can da Amurka ba a shiga da naman da aka ɗauko daga nan, komai bushewarsa, kuma wanda ya ƙi faɗa aka gano yana iya shan tara. Da na yi ƙorafin cewa raini ne, sai ya tuna mini shekarar 2001, lokacin da ciwon baki da kofato ya sa Birtaniya ta hallaka dabbobi sama da miliyan 6. Na yi shiru, domin na san abin da annoba ke yi wa garke a ƙasarmu ta Doguwa. Na kuma san cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, kuma na sha ganin ana zazzaga wa wake fiya-fiya kafin a ɗinke buhu. Wannan kam ba Bature ne ya yi mana ba.

A Jidda jakunkuna suka bi ta na'ura, aka nuna ta Inna. Matashin jami'in yana zuge ta daddawa ta yi masa sallama. Ya ja da baya, ya toshe hanci da bayan hannu, ya tambaya da Larabci mene ne wannan. Na ce abinci ne, na kwatanta tukunya da ludayi. Ya ɗaga ledojin ɗaya bayan ɗaya, ya luguiguita garin kunu har ƙasa, daidai inda goron ya kwana. Inna ta kalle ni, na kalli silin. Ya yi mana alama mu wuce.

Da muka kammala Umara muka nemi 'yar Gwaggo a wajejen Shara Mansur, inda Hausa ke tashi ta ko'ina, ana sayar da tuwo da miyar kuka a kwano. Inna ta ga kukar da muka sha wahalar ɗaukowa a gaban wata mai talla, ta tambayi kuɗinta da riyal, na lissafa mata da naira, ta ce gara da muka taho da tamu.

'Yar Gwaggo ta karɓi ledar garin kunu, ta zura hannu tana lalube.

"Yaya, ina goron?"

"An cinye shi a Kurna."

"Na faɗa mata kada ta sa," in ji ta, amma ba ta fasa lalubawa ba.