Guntuwa ko Doguwa

A daminar da ta wuce ta bara, a kan amalanke aka fito da Inna daga ƙauyenmu. Jininta ya hau cikin dare, aka kira ni, na taso daga Kano da asuba a ƙaramar motata. Na wuce Wudil, na wuce Birnin Kudu, na kama hanyar Ningi, amma da na sauka daga kwalta ban yi nisa ba na tsaya cak a bakin kwarin da ya raba mu da gari. Nan na yi tsaye kusan awa biyu, har na hango shanu biyu suna tafe a hankali, Inna kwance a kan tabarma, ƙanwata tana tare mata rana da mayafi. A wurin na yi wa kaina alkawarin sai na mallaki motar da za ta kai ni ƙofar gidanmu, rani da damina.

Inna ba ta barin ƙauye. Mun yi lallashi har mun gaji. Ta ce ɗakin da mahaifinmu ya bar ta a ciki, a nan za a same ta. Tunda ba za ta zo kusa da asibiti ba, dole mu nemi abin da zai riƙa kai ta.

Bayan shekara guda ina tari, Yaya ya cika mini kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Bakanikena ya ba ni shawarar Mitsubishi L400, wadda a Japan ake kira Delica Space Gear. An fara ƙera ta a 1994. Jikinta na ƙaramar bas ne, amma irin wadda ke ja da ƙafa huɗu ta gaji kayan aikin Pajero, har da ƙaramar giyar nan ta hawan tudu da fita daga yashi. Muka dace wani dillali yana da guda biyu 'yan kwatano, guntuwa da doguwa, kuɗinsu kusan ɗaya.

A takarda bambancin bai taka kara ya karya ba. Tazarar da ke tsakanin ƙafar gaba da ta baya a guntuwar mita 2.8 ce, a doguwar kuma mita 3. Santimita 20 ke nan, kusan taƙi guda. A tsawon jiki kuwa doguwar ta fi da wajen santimita 40, domin bayan ƙarin tazarar, gindinta ma ya ƙara zarcewa bayan tayoyin baya. Taƙin nan guda sai da ya hana ni barci mako biyu.

Maiɗakina doguwar take so, kuma tana da gaskiyarta. 'Ya'yanmu biyar. Idan aka cika guntuwar da mutane, abin da ya rage a bayan kujerar ƙarshe bai wuce na jakunkuna biyu ba, sauran kaya sai a cinya. Yaya ma doguwar ya zaɓa. Ya riga ya lissafa buhunan masara da na gyaɗa da za ta riƙa kwasowa da kaka, har da ɗan jigilar da za a yi ranar kasuwa a sami na mai. Ni kaina da na ɗana su a kwalta, doguwar ta fi kwantar mini da hankali. Ba ta rawa a gudu, idan ta faɗa gargada ba ta jijjiga mutum kamar 'yar'uwarta. Na tuna mara lafiya kwance a baya na tsawon awa uku, na ce a raina ai wannan ce ta dace da Inna.

Da na faɗa wa bakanike haka, sai ya ɗauko duwatsu biyu da guntun katako. Ya ɗora katakon a kan duwatsun, ya tura wani dutse mai tsini a ƙarƙashi. “Alhaji, ka ga wannan katakon shi ne cikin mota. Duk sanda ka ƙara nisa tsakanin ƙafafun, kan tudu ya fi saurin samun tsakiyarta. Ƙafar gaba ta sauka, ta baya ba ta hau ba, sai ciki ya zauna a ƙasa. Daga nan ko ƙafa goma ke ja, iska za su yi ta tuƙa.” Ya nuna mini farfela da salansa, ya ce su ne ke fara shan duka. Ya ƙara da cewa idan mota ta gangara kwari za ta haura, dogon gindi shi ke kartar ƙasa, sannan a kwana mai tsauri doguwa sai ta ja da baya ta sake yankowa. Amma ya ƙi zaɓa mini. Ya ce shi bai taɓa ganin hanyar garinmu ba.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ranar Asabar na tafi gida, na sari gora biyu, ɗaya mita 2.8, ɗaya mita 3, na ɗaura wa kowacce ƙafafun kara daidai tsayin cikin motar daga ƙasa, yadda na auno a wurin dillali. Ni da ƙanena muka bi hanyar muna gwadawa, yara na biye da mu suna dariya. Ko'ina gorar biyu sun wuce lafiya, sai wuri ɗaya: bakin kwarin ta ɓangaren gari, inda ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar wani doron dutse, ga kuma kwana nan take a gindin tsamiya. Guntuwar gora ta tsallake da kamar yatsa biyu. Doguwar ta zauna daram a kan dutsen.

Da daddare ina zaune a ɗakin Inna, ta tambaye ni wasan me nake yi da gora kamar yaro. Na kwashe komai na faɗa mata, har da ra'ayin Yaya. Ta yi shiru, tana jan carbi. Can ta ce, “Ni dai ba ruwana da tsawo. Abu ɗaya nake roƙonka. In kwanana ya ƙare a asibitinku na birni, kada ku binne ni a can. Ka sayi wadda za ta dawo da ni har ƙofar ɗakina.”

Na ce, “Haba Inna, Allah ya ƙara miki lafiya.” Ta ce amin, amma maganarta tana nan.

Ranar Litinin na biya kuɗin guntuwar.

Yaya bai ji daɗi ba. Ya ce kuɗinsa na ciki amma an yanke hukunci kamar ba shi. Wannan kuma laifina ne, domin sai da na biya sannan na kira shi, don ina tsoron ya rinjaye ni da lissafinsa. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma kusan wata biyu gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau. Da Sallah kuwa abin da maiɗakina ta hango ya tabbata. Muka tafi jakunkuna a cinya, kular abinci a tsakanin ƙafafu, ƙaramar 'yarmu na kuka tun daga Wudil. Ba ta ce mini komai ba. Kallon da ta yi mini ta madubi ya ishe ni.

Cikin watan Agustan bana aka sake kira. Wannan karon matar ƙanenmu ce, naƙuda ta yi tsanani tun yamma. Yaya na Kano a lokacin, muka taho tare. Mun isa kwarin wajen ƙarfe ɗaya na dare, ruwa ya janye amma ƙasa ta jiƙe sharkaf. Na rage iskar tayoyi, na sa ƙaramar giya, na yi bismillah. Muka gangara, muka ratsa, muka fara haurawa. Daidai doron dutsen na ji wani ɗan ƙarar karta a ƙarƙashinmu, siriri, sau ɗaya, sai ƙafar baya ta kama ta tura mu sama. Na yanki kwanar tsamiya ba tare da ja da baya ba.

Mun kwantar da kujerun baya, aka shimfiɗa mata katifa, Inna da kanta ta shiga ta zauna a gefenta. Kafin asuba muna asibiti a Ningi. An sami ɗiya mace, uwa da 'ya lafiya.

A hanyar komawa da hantsi, da muka zo kwarin, Yaya ya ce in tsaya. Ya fita ya durƙusa yana duban sabon zanen da ƙarfe ya bari a kan dutsen. Ya daɗe a wurin. Da ya dawo ya zauna, ya rufe ƙofa, sai ya ce, “Bayan kaka mu tara samari a yi gayya a fasa dutsen nan.”

Inna daga baya ta ce, “Ku dai fara kai ni gida, ban ba kaji ruwa ba tun jiya.”