Faɗin yatsa guda a injin bashe

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin sauke inji, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, ya san yadda lissafin yake tafiya. Ana zube masa kaya bisa buhu, ga fistan huɗu, ga zobbansu, ga sarƙa, ya ƙirga, ya yi ciniki, ya biya. Abin da ido ya gani hannu ba ya ƙyashin biyansa. Amma a ƙarshen aiki akwai wata sa'a guda wadda ba a sayen komi cikinta, ba a jin guduma, sai dai a ga makaniki a durƙushe yana juya inji da hannu kamar mai laluben allura cikin rairayi. A wannan sa'a ce masu mota suke ƙosawa, alhali kuwa a cikinta ake yanke hukuncin ko kuɗinsu zai yi albarka ko zai bi hayaƙi.

Akwai wani dattijon makaniki a Filinge wanda direbobin Kurfai suka daɗe suna yi wa tsiya saboda wannan sa'a. A zamanin ƙarfinsa, wato shekarun 1990, Peugeot ce ke riƙe da hanyar Yamai, mai tsawon kilomita wajen 180 ta Baleyara da Bonkuku, kuma bashe, 404 da 504 masu rufin tamfol, su ke kai hatsi da awaki da mutane kasuwannin Abala da Sanam. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, kayan gyara sababbi suka fi ƙarfin talaka. Sai aka koma haɗa inji guda da gaɓoɓin injuna uku, wannan daga Katako a Yamai, wancan daga Ƙofar Ruwa a Kano, inda kayan 504 suke da yawa tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975.

A cikin wannan hali ne wani Alhaji mai fataucin wake ya tsaya masa a kai ranar wata Asabar da la'asar, don gobe Lahadi kasuwar Filinge ke ci.

"Malam, ai ga alama nan a jikin fuli. Ka daidaita ta mu tashi mana."

"Alhaji, fulin nan ba tare da injin nan aka haife shi ba. Ban san harshen da yake ji ba tukuna."

Don mai karatu ya gane abin da ya hana dattijon gaggawa, sai ya san abin da ake nema. Injin fetur yana aiki ne bisa taki huɗu, tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya tabbatar a 1876: fistan ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ke nan kafin aiki guda ya cika, babbar sandar inji, wadda Faransawa ke kira vilebrequin, sai ta yi juyi biyu, fistan kuma ya kai ƙololuwa sau biyu. Wannan ƙololuwa ita ce point mort haut a littattafan faransanci, wurin da fistan ya gama hawa bai fara sauka ba. Alamar fuli tana zuwa wuri guda a duka biyun, ba ta faɗa maka ko ƙololuwar matsi ce ko ta korar hayaƙi. Wanda ya dasa delko a ta biyun ya aika wuta ɗakin da ba kowa. Inji zai yi tari, ya yi harbi ta bututun hayaƙi ko ya tofa wuta ta karbureta, batir ya mutu, yara su yi ta turi har gaban masallaci, mota ba za ta tashi ba.

Kanikawa da yawa suna toshe ramin buji da babban yatsa su ji iska na turo shi. A Peugeot wannan ba ya yiwuwa, don bujinta a can ƙasan wani rami mai zurfi yake, saboda haka sai a cusa tsumma a jira ya yi tsalle. Dattijon ya fi yarda da shaidar supaf, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi. Fistan na 1 da na 4 tare suke hawa, tare suke sauka. Idan supaf biyu na ɗaki na 4 suna rawa, ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa, to na 1 yana kan matsi, ƙofofinsa a rufe. Sai dai a nan ma akwai tarko: a waɗannan injunan Peugeot ana fara ƙirga daga baya ne, na 1 shi ne na kusa da direba, alhali a Toyota na 1 yana gaba wajen radiyeta. Yaron da ya koyi aiki a kan wata ya zo ya taɓa wata, a nan yake faɗuwa.

Sanin wace ƙololuwa ce bai isa ba, sai an san tsakiyarta. Kusa da sama fistan yana yin kamar ya tsaya, sanda na juyawa digiri da dama shi kuwa da ƙyar yake motsi, kamar rana tsaka wadda inuwa ba ta nuna ko ta karkata. Yaransa sukan so su zura karan hatsi cikin ramin buji su ji hawansa, shi kuwa ya hana, tun da kara in ya karye a ciki sai an sake buɗe kan inji. Abin aikinsa wani tsohon buji ne da ya fasa farin kaskonsa ya zura ƙusa a ciki, ta leƙo kaɗan. Yana ɗaura shi a ɗaki na 1, ya juya inji a hankali har fistan ya dafa ƙusar, ya shata layi a fuli daidai da wata waya da ya kafe a jikin inji. Sa'an nan ya juya baya har fistan ya sake dafa ta daga ɗaya gefen, ya shata na biyu. Tsakiyar layukan nan biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya, kuma ba ta dogara da wanda ya ƙera fulin ba. A ranar, tsakaninta da alamar da Alhaji yake nunawa akwai kusan faɗin yatsa.

Wani zai ce mene ne faɗin yatsa a mota mai ɗaukar buhu goma sha. To, a fuli irin wannan faɗin yatsa ya kai wajen digiri 10, kuma duk saurin da ake ba wuta a tsaye bai wuce haka da yawa ba. Domin mai ba ya ƙonewa nan take, ana kunna shi kaɗan kafin fistan ya iso sama, yadda ƙarfin zai cika daidai lokacin da ya fara sauka. Idan inji yana juyi 3000 a minti, juyi 50 ke nan a daƙiƙa, delko yana raba tartsatsi 100 a daƙiƙa guda bisa jerin 1, 3, 4, 2, digiri 10 kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. In wuta ta yi sauri fiye da kima, ta tari fistan yana hawa, sai a ji ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani, kuma da man kwalba na bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba, wannan ƙara tana iya huda sabon fistan. In ta makara, mai yana ƙarasa ƙonewa a bakin ƙofar fita, mota ta yi nauyi, ta sha mai, ruwa ya tafasa. A kan kwalta ana iya lallaɓawa. A rairayin arewacin Filinge cikin watan Afrilu, da lodi har sama da giya ta biyu, ba a lallaɓawa. Abin takaici shi ne idan haka ta faru, mai mota yakan zagi wanda ya sayar masa da fistan, ko ya ce hannu aka sa masa.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Ya gyara tazarar filatin, ƴan ƙarafan nan biyu masu buɗewa su haifi tartsatsi, zuwa milimita 0,40, domin in an taɓa tazarar bayan an daidaita wuta, lokacin wutar ya gusa. Ya mayar da fuli ɗan baya da sabon layinsa gwargwadon abin da injin yake so, ya zura delko yatsansa na duban wayar ɗaki na 1, ya haɗa ƙaramin ƙwan fitila, ya murɗa jikin delko sannu har ƙwan ya kama, ya ɗaure. A tsohuwar 404 ma an sauƙaƙa abin: akwai rami a gidan kuloci inda ake zura ƙarfe mai kaurin milimita 8 ya faɗa cikin tsagar faifan baya, sai dai wanda ya manta bai zare shi ba kafin ya murɗa makulli ya sayi sabon aiki. Ana kiran magariba injin ya tashi a bugu na biyu. Alhaji ya ce, "Ka gani, da ma lafiyarsa lau," ya kuma nemi ragi a kuɗin hannu.

Sunan delko kansa baƙo ne. Na wani kamfani ne na garin Dayton a Amurka, wanda Charles Kettering da abokinsa suka kafa a 1909, Faransawa suka mayar da shi sunan abin, mu kuma muka gada. Yau abin yana ƙarewa. Motocin da ake shigowa da su ta Lome ba su da filatin, wata ƴar na'ura ce ke ƙirga haƙoran faifai ta gaya wa kwamfuta inda fistan yake, babu abin murɗawa. Bashe ma ta ja baya, Toyota da babura sun karɓe hanya. Amma ranar da za a canja sarƙa ko bel na inji, ko a mayar da famfon gazuwal a wurinsa, dole a koma neman ƙololuwar fistan na 1. Yaran dattijon, waɗanda yanzu su ma suna da nasu yara, sun fi samun babura da injunan ban ruwa. A faifan babur akwai haruffa biyu kusa da juna, T na ƙololuwa, F na wuta, ana leƙensu ta wani ɗan rami da ake buɗewa da kwabo.