Kudai, Inda Zamzam Ke Bi Ta Matata

Bayan La'asar na tsaya gaban jerin kulolin Zamzam a Harami, na zari kofin roba na tari ruwa. Kafin in kai baki sai da na ɗaga shi sama na duba, don ni mai kiwon tarwaɗa ne a Kano, idona ya saba da tuhumar ruwa. Garau yake, ko ƙwayar yashi babu.

Rijiyar tana nan kusa da Ka'aba, wajen mita 20 ta gabas, zurfinta kamar mita 30. Amma ruwan ba daga bakinta yake zuwa kofi kai tsaye ba. Famfuna ne ke tura shi ta bututu zuwa Kudai, kilomita huɗu da rabi daga masallacin. Yawancin alhazanmu tashar bas kawai suka san Kudai da ita, wurin zafi da hayaƙin mota da jiran layi. Nan ne kuwa Sarki Abdullah ya buɗe matatar Zamzam a 2010, aikin da ya ci Riyal miliyan 700. Ruwan yakan ratsa yashi, ya shiga matatai masu ƙananan ƙofofi, sannan a haska masa wani haske da ke kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan ake cika robobin lita biyar da alhazai ke komawa gida da su tsaraba.

Da na ga katan-katan ɗin robobin an jibge, sai tafkina ya faɗo mini a rai. Mu ma da soso da tsakuwa muke tare ragowar abinci da kashin kifi, wasu har da irin wannan fitila don hana ruwa yin kore. Sai dai akwai inda muka rabu. A Kudai kashe ƙwayoyi ake yi. A tafki wasu ƙwayoyin rainonsu muke, domin su ne ke zaune jikin tsakuwar suna karya gubar ammoniya da kifi ke fitarwa.

Da hasara na koyi wannan. Wata shekara na ga soson ya yi dauɗa, na wanke shi fes da ruwan famfo mai kulorin. Bayan 'yan kwanaki kifin suka taso sama, suka ƙi abinci, na kwashe matattu cikin bokiti. Tun daga ranar, da ruwan tafkin nake ɗauraye soson, sama-sama.

A Haramin dai, na shanye kofin ina fuskantar alƙibla, na ƙara na biyu.