Kwana Biyu a Bakin Tekun Tanja



Ɗan ƙasar da ba ta da teku a littafi yake fara haɗuwa da ita. Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure ya buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid ya ji cewa ruwan teku mai tsarki ne, mai tsarkakewa, kamar ruwan sama da na rijiya. Mun san wannan hukunci tun muna yara, alhali babban ruwan da idonmu ya sani shi ne tafkin bayan gari, wanda yake ƙafewa kafin bazara ta yi nisa. Ko da Allah Ya kai mu Maroko neman ilimi, a birnin Fas muka sauka, shi kuwa yana can cikin ƙasa tsakanin duwatsu. Don haka a watan Sha'aban na 1440, wato Afrilun 2019, kafin azumi ya kama, muka yi shawarar mu je Tanja a ƙarshen mako, mu taka bakin teku da ƙafarmu.

Mu shida ne: uku daga Nijar, wato Damagaram da Maraɗi da Tawa, ɗaya daga Garwa ta Kamaru, ɗaya daga Anjamena, ɗaya daga Kano. Kafin mu hau jirgin ƙasa bayan sallar Juma'a, muka bi sunna muka naɗa shugaban tafiya. Mutumin Garwa muka ba, domin shi ne babbanmu, kuma shi ne mai haƙurin cikinmu. A hannunsa aka tara kuɗin mota da na masauki. Guzurinmu burodi ne da zaitun da dabino da kifin gwangwani, sai ɗan kilishin da aka aiko wa mutumin Maraɗi daga gida, wanda muka riƙa yi wa rabon magani.

Ranar Asabar da sassafe muka karya da bisara, wato faten wake da ake kwarara wa man zaitun, sannan muka shiga tsohon gari muka tsaya a kabarin da ake jingina wa Ibn Baɗuɗa. A Tanja aka haife shi a 1304, ya fita aikin hajji a 1325 yana da shekara 21, bai sake zama ba sai da ya keta duniya. A 1352 ya ratsa Sahara zuwa Mali, a 1353 ya sauka Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci jan ƙarfen da ake kai wa Gobir da Barno daga can. A 1354 ya koma Fas, inda aka rubuta labarin tafiyarsa. Mutumin Tawa ya ce ashe ziyara muka zo ramawa, tunda mai garin ya riga ya je namu.

Daga nan muka nufi yamma, muka bi ta kurmin Rumailat, itatuwa a hagunmu, ruwa a damanmu can ƙasa. Iskar gabas da mutanen wurin suke kira sharƙi tana tura mu ta baya. Ƙarfinta irin na hunturu ne, sai dai babu ƙura, gishiri take ɗauke da shi. Bayan tafiyar kimanin kilomita 14 muka iso Ras Isbartil, kusurwar Afirka ta arewa maso yamma, inda Tekun Atlantika yake shiga mashigin da ya haɗa shi da Bahar Rum. Akwai hasumiyar fitila a wurin, wadda Sarki Muhammadu na Huɗu ya gina a 1864 domin ta shiryar da jiragen ruwa da dare.

Muka gangara kudu zuwa rairayin Ashaƙar. A nan muka yi alwala da ruwan teku a karon farko. Da muka kurkure baki, ɗacin gishirin ya sa kowa ya yamutse fuska, muka yi ta dariya, aka ce malam ya gaya mana hukunci amma bai gaya mana ɗanɗano ba. Muka yi ƙasaru, tunda tafiyarmu ta wuce buridi huɗu nesa ba kusa ba. Alƙibla tana gabas, saboda haka muka juya wa teku baya, yana ruri, limaminmu yana kabbara. Da la'asar muka shiga kogon da ake kira na Harƙal, wanda mutanen da suka riƙa sassaƙa duwatsun niƙa daga bangonsa, ƙofarsa ta wajen ruwa kuwa ta yi kama da taswirar Afirka.

Ranar Lahadi muka ɗauki taksi zuwa gabas, muka wuce Ƙasar Sagir da babbar tashar jiragen ruwa ta Tanja Med wadda aka buɗe a 2007, muka sauka a ƙauyen masunta na Balyunash. A hanya masu tsaron gaɓar suka tsayar da mu, suka duba katinmu na izinin zama da na makaranta ɗaya bayan ɗaya, sannan suka sallame mu. Baƙar fata shida da jakunkuna a wannan yanki abin tambaya ne, kuma da muka hau tudu muka gane dalili.

Dutsen Musa ya haura mita 800. Hawansa ya ci mana kusan awa uku, a kan farin dutse mai kaifi da yake cinye takalmi. Daga samansa mutum yana ganin nahiya biyu a kallo ɗaya. Ga Jabal Ɗariƙ can a tsallake, wanda Turawa suke kira Jibralta, sunan Ɗariƙ ɗan Ziyad da ya ƙetare a 711. Inda mashigin ya fi ƙunci kilomita 14 ne kacal, daidai abin da muka taka jiya kafin azahar. Fararen gidajen Sifaniya suna bayyane, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A ƙasanmu ta gabas kuwa ga Sabta, garin da aka haifi Alƙali Iyal a 1083, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu duk Ramadan. Ƴan Fotugal sun ci garin a 1415, daga baya ya koma hannun Sifaniya, kuma an kewaye shi da shingen waya mai tsawon kusan kilomita 8. A bakin wannan shinge, a rairayin Tarahal, ranar 6 ga Fabrairun 2014, aƙalla mutum 15 ƴan Afirka suka nutse suna ƙoƙarin zagayawa da iyo.

Muna cikin kallo sai ƙaramin cikinmu, wanda tun jiya bai cika magana ba, ya dubi shugaban tafiya ya ce, "Yaya, an ce mini da dare awa kaɗan ne a kwalekwalen roba." Muka ɗauka zance ne, sai ya ci gaba. Wata biyar ke nan tallafin karatunsa bai iso ba. Mahaifiyarsa tana kwance, ɗakinta ya rufta da damina, ƙannensa an koro su daga lakwal. Duk wanda ya kira shi daga gida abu ɗaya yake faɗa: ai kai kana waje. Wani dillali ya yanka masa farashi, har ya sayar da kwamfutarsa ya fara tarawa. Ya ce ya biyo mu ne domin ya ga ruwan da idonsa.

Shugaban tafiya bai yi masa faɗa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, ka gan shi. Yanzu dubi can." Ya nuna masa manyan jiragen kaya masu bin mashigin a jere, kowanne ya fi unguwa tsawo, da farin kumfan da iska take tayarwa a tsakiya. Daga sama ruwan kamar tabarma yake, amma a ƙarƙashinsa teku biyu ne suke musayar ruwa, na Atlantika yana kwarara gabas ta sama, na Bahar Rum mai nauyin gishiri yana fita yamma ta ƙasa. Ya ce, "Idan ka shiga nan da dare, wa zai gaya wa Inna inda kake?"

A kan dutsen nan muka zauna muka yi lissafi. Kowa ya yanka abin da zai iya bayarwa duk wata har kuɗinsa su iso. Mutumin Kano ya ce ya dawo ɗakinsa da zama, haya ta ragu. Mutumin Anjamena ya ce kwamfutarsa ta zama ta su biyu. Abin da ya fi wuya shi ne kiran gida, shi ma shugaban tafiya ya ɗauke masa. Da muka sauko ya kira kawun yaron, ya gaishe shi da ladabi, ya zayyana masa kuɗin ɗaki da na burodi da na littafi, da abin da yake saura a hannun ɗalibi a ƙarshen wata. Dattijon ya yi salati, ya ce wallahi ba su sani ba. Dangi suka haɗu suka gyara ɗakin. Ƙanen namu ya gama karatunsa a 2021, ya koma gida da takardarsa.

Ya iyayenmu, abin da ya sa muka kawo muku wannan labari ke nan. Wanda ya tafi karatu ba fatauci ya tafi ba. Sau da yawa yaron da kuke gani cikin hoto da rigar sanyi mai kyau, sau ɗaya yake cin abinci a yini, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Idan kowane kira daga gida buƙata ce, akwai masu jiransa a bakin ruwa da alkawarin hanya mai sauƙi. Ku riƙa kiransa ku tambayi lafiyarsa da karatunsa kaɗai, ku sa masa albarka ku ajiye waya. Ku tambaye shi su wa yake zama da su, ku karɓi lambar babbansu, domin ranar da ya kasa gaya muku gaskiya, aboki ne zai faɗa.

Ku kuma ƴan uwa ɗalibai, kada ku bar ɗayanku ya kulle kansa a ɗaki. Shekara biyu muna cin tuwo a kwano ɗaya da wannan yaro a Fas, ba mu ji damuwarsa ba sai da muka yi yini biyu muna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ku riƙa fita tare ko da bayan gari ne, ku naɗa shugaba, ku jira mai rauni idan hanya ta yi tudu.

Allah Ya tsare mana ƴaƴanmu da suke baƙunta, Ya jiƙan waɗanda ruwa da sahara suka ci, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya mai da kowane matafiyi gida lafiya da abin da ya fita nema. Amin.