Rijiya da Hanyar Ruwa

A wani ƙauye da ke tsakanin Birnin Ƙonni da Illelar Adar akwai wani dattijo manomin albasa, wanda ya yi shekara arba'in yana bin Almasihu shi kaɗai. A shekarar yunwa ta 1984 ya kai matarsa jinya asibitin Galmi, wanda mishan ɗin SIM ta buɗe a 1950. A can ya ji bishara da Hausa, daga baya aka yi masa baftisma, ya koma gida da Littafi Mai Tsarki cikin aljihun taguwarsa. Garinsu kowa Musulmi ne, majami'a kuwa sai an yi doguwar tafiya. Saboda haka ran Lahadi gindin bedi ne wurin sujadarsa, shi ne mai wa'azi, shi ne jama'a.

Muddin yana da ƙarfi abin bai dame shi ba. Amma da matar ta rasu, gani kuma ya fara raguwa, sai wata tambaya ta riƙa hana shi barci: mutumin da ya ba da gaskiya, amma ba ya cikin taron masu bi, ba ya cin Jibin Ubangiji, shin cetonsa cikakke ne?

Tambayar ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma a ƙasar Afirka aka fara kaifafa ta. Kifriyanus, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, wanda aka kashe saboda addininsa a shekara ta 258, ya koyar cewa ikkilisiya kamar jirgin Nuhu take, wanda ke waje da ita ya halaka. Bayan 1517 Martin Luther da magoya bayansa suka nace cewa ceto alherin Allah ne da ake karɓa ta wurin bangaskiya kaɗai, ko da yake ba su taɓa cewa a yar da taron masu bi ba. A 1964 babban taron Vatikan na biyu ya sake tabbatar da cewa ikkilisiya wajibi ce ga ceto, amma ya ƙara da cewa wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, yana kuma neman Allah da zuciya ɗaya, ƙofar ceto ba a rufe take gare shi ba. Masu bin da suka fito daga aikin SIM, waɗanda suka kafa ikkilisiyar EERN a farkon shekarun 1960, sun gāji ra'ayin da ke ɗora nauyi a kan tuban mutum shi da kansa. Duk sun yarda Almasihu ne Mai Ceto. Inda suka rabu shi ne matsayin ikkilisiya: ita ce hanyar da ceton ke bi, ko kuwa shaidarsa ce kawai?

Dattijon ya san labarin ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda ya sami alkawarin aljanna ba baftisma ba majami'a, kuma ya daɗe yana fakewa da shi. Ɗansa ne ya girgiza masa wannan mafaka. Yana aiki a Yamai lokacin da aka ƙone majami'u da dama a Zinder da Yamai ran 16 da 17 ga Janairun 2015, tasu ma ba ta tsira ba. Da ya zo gida ganin mahaifinsa sai ya ce: "Baba, ran Lahadin da ta biyo baya mun taru a kan toka, muka yi waƙa, muka roƙa wa waɗanda suka yi abin gafara. Da ni kaɗai ne, da ban iya ba." Nan dattijon ya gane cewa ya daɗe yana haɗa abu biyu: majami'a, wadda wuta ke ci, da ikkilisiya, wadda mutane ce.

Sauran amsar a lambu ya same ta. Albasar Galmi, wadda sunanta ya kai Abijan da Akkara, ba ruwan sama take jira ba. Ana yafa iri, a cire, a dasa cikin fangali, a janyo ruwa daga rijiya ta hanyar da aka gyara da hannu. Hanyar ba ita ce rijiya ba, ba ta kuma da ɗigo ɗaya nata na kanta. Mai rijiya in ya ga dama yana iya ɗaukar guga ya kai ruwa har gindin shukar da ke nesa, kamar yadda aka yi wa ɓarawon nan. Amma manomin da ke da hanya a kusa, ya ƙi buɗe ta, ya zauna jiran guga, ba dogara ga Allah yake yi ba, ganganci ne. Ɓarawon ƙusa ce ta riƙe shi. Shi kuwa nisa ne da sabo, da kuma ɗan girman kai na wanda ya saba ba mai yi masa gyara.

Wanda ya ƙarasa maganar ƙanensa ne, liman a masallacin unguwa, wanda bai taɓa yarda da addinin wansa ba, bai kuma taɓa yanke zumunci ba. Ya ce: "Yaya, mu ma sallar jam'i ta fi ta mutum ɗaya lada. In wannan hanya ka zaɓa, bi ta tare da mutanenka. Ran da ta Allah ta kasance, ni ban san yadda ake yi muku sutura ba, gara su san gidan tun kana da rai."

Tun daga lokacin, Lahadin farko ta kowane wata, jikan limamin ne ke goya shi a babur zuwa Galmi, ya jira shi a bakin titi wurin masu buhunan albasa. A ciki dattijon yakan zauna a bencin baya, ya karɓi gurasa daga hannun yaron da bai kai jikansa ba. Bai ce wannan ne ya cece shi ba. Abin da yakan ce shi ne, ruwan dai na Mai rijiya ne, amma zumunta a ƙafa take.