Tsiwa ce ko baƙar magana? Inda Turanci ke kayar da masu fassarar fim

Da wuya a ga fim ɗin Hausa ya ƙare ba a mayar wa wani da magana ba. Amarya za ta yaɓa wa uwargida, yaron shago zai ba alhaji amsar da za ta sa 'yan kallo su kwashe da dariya, ƙanwa za ta murguɗa baki ta tanka wa yayarta. A nan armashin yake, kuma marubutan fim sun sani. Rigimar tana tasowa ne idan an zo rubuta fassarar Turanci a ƙasan allo, abin da furodusa ba ya iya kauce masa matuƙar yana son a kalli fim ɗinsa a Legas ko Landan. Mai fassara sai ya buɗe ƙamus, ya tarar da kalmomi shida ko bakwai a jere, duk wai ma'anarsu mayar da magana, ya zaɓi wadda ta fi kama da ta 'yan boko ya maka.

Ga Hajiya ta daka wa 'yarta tsawa: “Ke! Ni kike mayar wa da magana?” Sai a ga an jefa kalmar retort a ƙasa. Bature zai gane, amma zai ji ta banbaraƙwai. Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta a murɗa abu a mayar da shi inda ya fito. Wanda ya yi retort ya cafke maganar da aka jefe shi da ita ne ya juyo da ita da zafinta, nan take, galibi cikin fushi. Waɗanda suka yi kimiyya a sakandare ƙila su tuna kwalbar nan mai lanƙwasasshen wuya, ita ma sunanta kenan, saboda murɗewar. Sai dai kalmar ta marubucin littafi ce, da ita yake ba da labarin yadda wane ya amsa wa wane. Uwa ba ta furta ta a tsakar gida. Sannan babu ruwanta da babba ko yaro.

Abin da Hajiya take nufi shi ne talk back, ko answer back. Waɗannan su ne suka san matsayi. Ɗa ne yake yi wa uba, ɗalibi ya yi wa malami, kurtu ya yi wa hafsa. Ba a cewa uba ya yi wa ɗansa talk back, kamar yadda Bahaushe ba zai ce uba ya yi wa ɗansa rashin kunya ba. Mutanen Ingila suna kiran halin backchat, na Amurka su ce back talk, ko kuma sass idan an haɗa da fari da ido da riƙe ƙugu. Wannan ta ƙarshen ita ce mafi kusa da tsiwa, amma fa akwai tarko. A Amurka idan aka ce yarinya sassy ce, sau da yawa yabo ne, wato mai ƙarfin hali da ba ta ɗaukar raini. Furodusan da ya rubuta haka a taƙaitaccen labarin fim yana nufin jarumar fitsararriya ce, to ya sani ya tallata ta ne. Ita kuwa cheeky ta Ingila ta fi sauƙi. Tsokana ce da ake yi wa dariya, irin wadda jika yake yi wa kakarsa ta bi shi da muciya ba da gaske ba.

Riposte daga filin wasan takobi ta fito, Turawan Ingila sun aro ta daga Faransanci. A wasan, idan abokin karawa ya kawo suka aka kare, sukan da aka mayar masa nan take shi ne riposte. Saboda haka dole sai an fara kawo wa mutum hari, kuma dole amsar ta zo da gwaninta. Zagi tsagwaronsa bai kai ba. Idan Bakano ya taɓo Bazazzagi, shi kuma ya dube shi a natse ya saki jimla ɗaya da ta kashe masa baki har jama'a suka yi shewa, ya yi riposte. Idan kuwa suka shafe rabin awa suna musayar, wannan ya ba wancan, wancan ya rama, babu gaba, sunan abin repartee. Mai son ganin sa a fim ɗin Turawa ya nemi His Girl Friday na 1940, wanda Howard Hawks ya ba da umarni, inda Cary Grant da Rosalind Russell suke magana da gudu har suna hawa bakin juna. A gida kuwa ba sai an je nesa ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, da wannan ya ci kasuwa, kuma shi ya sa fassarar finafinansa take da wahalar tsiya: kafin a gama karanta layi ɗaya ya saki uku.

Rejoinder ita ce ta fi ba da dariya idan ta faɗo inda ba wurinta ba, domin 'yar kotu ce. A tsohon tsarin shari'ar Ingila mai ƙara zai shigar da takarda, wanda ake ƙara ya amsa, mai ƙara ya sake magana, to amsa ta biyu da wanda ake ƙara zai bayar ita ce rejoinder. Har yau tana ɗauke da wannan nauyin. A jaridun Nijeriya da ita ake kiran raddin da mutum yake rubutowa idan an taɓa shi, irin shafi biyun nan da ɗan wasa yake aikowa mujalla yana rantsuwa cewa bai taɓa faɗin haka ba. A sa ta a bakin kishiyoyi biyu da ke cacar baki a gindin murhu, an mayar da su lauyoyi.

Sauran ba su da wuya. Comeback ta kan titi ce, amsa mai daɗi da sauri, kodayake 'yan fim su lura ita ce kuma ake faɗa wa tauraron da ya dushe ya dawo. Clapback ta zamani ce, ta yaɗu daga mawaƙan gambarar Amurka, har Ja Rule yana da waƙa mai wannan suna a 2003, yanzu kuma ta tare a Instagram inda jarumai suke ramuwa kan masu zaginsu. Snap kuwa kai cizo ne irin na kare. Babu hikima a ciki, mutum ne ya gaji ya fashe.

Akwai kuma gatse, wanda yake kayar da har gwanaye. Uwa ta ce, “Je ki mana, ai ke kika haife ni,” aka fassara kalma da kalma, sai baƙon mai kallo ya ɗauka an ba yarinya izini, ya kasa gane dalilin dukan da ya biyo baya.

Wai duk wannan ba ƙaƙale ba ne? A'a. Finafinan Hausa nawa ne labarinsu ya rataya kan saki, sakin kuma kan magana ɗaya da ta fita daga bakin mace? Miji ya zauna gaban surukinsa ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, wallahi ba na faɗa sai ta faɗa.” Bahaushe mai kallo ya riga ya ga abin da ya faru, yana da ma'auninsa. Wanda ya dogara da rubutun ƙasan allo kuwa, kalmar da aka zaɓa ce za ta raba masa gardama. Idan aka rubuta cewa tana yi masa talk back, Ba'amurke zai ji mijin ya ɗauki matarsa tamkar 'yar cikinsa, nan take ya koma bayan matar, ko da darakta ya so a tausaya wa mijin ne. Idan aka ce snap take yi, ta zama mai saurin fushi, laifin ya dawo kanta. Idan aka ce jayayya suke yi kawai, an daidaita su, sai sakin ya zama babu gaira babu dalili. Jarumar ta yi wasanta sau ɗaya a lokeshin, ta zubar da hawayenta, ta karɓi kuɗinta ta tafi gida, amma mace uku daban-daban za a iya nunawa a Landan da fuskarta.

Shi kuwa wanda aka damƙa wa wannan hukuncin, sau tari wani matashi ne da aka miƙa wa fim da magariba aka ce ana so da safe, kuma ba a ba shi ko takardar labarin ba.